Yadda ake zaɓar fentin kariya na feshi domin bayan motar a-kori-kura

Bayan motar a-kori-kura shi ne ɓangaren da ya fi kowane shan wahala a jikinta, amma fentin da kamfani yake shafa masa bai fi na ƙofa ƙarfi ba, kaurinsa kuwa da ƙyar yake kai kashi biyu cikin goma na milimita. Ranar farko da aka ja janareta a kansa, ko aka kwashe tsakuwa da shebur, fentin zai karce har ƙarfe ya bayyana, kuma duk inda ƙarfe ya bayyana ruwa zai same shi, tsatsa ta biyo baya. Shi ya sa masu irin waɗannan motoci suke neman abin da za su rufe bodin da shi tun yana sabo. Akwai tabarmar roba da ake shimfiɗawa a ƙasa, akwai kwandon filastik da ake zurawa cikin bodin baki ɗaya, akwai kuma ruwan sinadari da ake fesawa, ya daskare ya zama fata mai kauri manne da ƙarfen. Wannan na ƙarshen shi ne abin da za mu duba.

Abin da ya fifita shi a kan kwandon filastik shi ne ba ya barin sarari tsakaninsa da ƙarfe. Kwandon filastik yana motsi yayin tafiya, yashi da ruwa suna kutsawa ƙarƙashinsa, suna goge fenti a ɓoye, har mai mota ya cire shi bayan shekaru ya tarar tsatsa ta riga ta yi nisa. Fentin feshi ba shi da wannan matsala muddin ya kama da kyau. Sai dai yana da nasa aibin guda biyu da ya kamata a sani tun kafin a yanke shawara. Na farko, ba ya hana ƙarfe lotsawa idan aka jefo abu mai nauyi daga sama; a nan tabarmar roba mai kauri ta fi shi amfani, kuma babu laifi a haɗa su biyun. Na biyu, idan aka fesa shi ya zauna ke nan, cire shi aiki ne na kwanaki da injin guga da wuƙar kankara, don haka kuskuren da aka yi wajen zaɓi zai daɗe tare da motar.

A fara da kayan da motar take ɗauka

Mutane da yawa sukan fara da tambayar wane kamfani ya fi, Line-X ko Rhino Linings ko wani dabam. A ganina tambayar ta zo da wuri, domin kowane ɗaya daga cikin manyan kamfanonin yana da iri-irin haɗi, wani mai tauri wani mai laushi, kuma abin da zai raba gardama shi ne irin lodin da motar take yi kullum.

Wanda yake dakon yashi, tsakuwa, bulo ko ƙarafa yana bukatar mai tauri, wanda bakin shebur zai zame a kansa ba tare da ya yanke shi ba, kuma ana iya tura kaya ciki a jawo su waje ba da wahala ba. Wanda kuwa yake ɗaukar kujeru, firiji, ganguna, tukwanen gas ko dabbobi, mai laushi ya fi dacewa da shi, saboda yana riƙe kaya kada su yi ta zamewa a kwana ko lokacin taka burki, ba ya karce jikin kaya, kuma ya fi sauƙi ga gwiwar wanda zai durƙusa yana ɗaure igiya. Ana auna wannan tauri da ma'aunin Shore. Abubuwa masu laushi ana rubuta su da Shore A, inda tayar mota take faɗowa tsakanin 60 da 70, masu tauri kuma da Shore D. Duk haɗin kirki yana da takardar bayani daga kamfanin da ya yi shi, kuma wannan lamba tana ciki. Mai feshin da bai taɓa ganin takardar abin da yake fesawa ba, a yi hattara da shi.

Masu ɗaukar taki, gishiri, batura ko magungunan feshin gona su ƙara da tambaya a kan juriyar haɗin ga sinadarai, domin takardar bayanin takan nuna abin da yake iya ɗauka da abin da yake lalata shi.

Sinadarin da injin da ake fesa shi da shi

Kusan duk abin da ake fesawa a wuraren ƙwararru ɗayan uku ne: foliyuretan, foliyuriya, ko gaurayen su biyun. Dukansu ruwa biyu ne da ake ajiyewa a ganguna dabam-dabam, ɗaya aisosayanet ɗaya kuma abokin haɗinsa, ba sa gamuwa sai a bakin bindigar feshi. Foliyuriya tana daskarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta fi jure yagewa, kuma laimar iska ba ta cika damun ta ba. Foliyuretan ya fi jinkiri, ya fi sauƙin kuɗi, amma yana da rauni a wurin danshi: aisosayanet ɗin da ke cikinsa yakan haɗu da ruwan da ke cikin iska ko a jikin ƙarfe ya samar da iskar gas, sai ƙananan kumfa da huji-huji su bayyana a cikin fatar. Yawancin abin da ke kasuwa gauraye ne, kuma gauraye mai kyau ya wadatar da bukatar mafi yawan masu mota. Abin da bai kamata ba shi ne a biya kuɗin foliyuriya zalla a karɓi gauraye.

Akwai wani rabon kuma da ya fi wannan tasiri a kan kamannin motar bayan shekara biyu ko uku, wato tsakanin aromatik da alifatik, nau'uka biyu na aisosayanet ɗin da ke cikin haɗin. Aromatik shi ne ya fi yawa, amma hasken rana yana cin fuskarsa. Baƙinsa yana komawa toka-toka, idan aka shafa hannu sai ya bar gari kamar alli a tafi. Wannan dusashewa a sama take tsayawa, ba ta nufin kariyar ta ƙare, sai dai ta rage kyau. Alifatik ba ya kodewa haka, amma ya fi tsada sosai, shi ya sa hanyar da aka fi bi ita ce a fesa aromatik mai kauri a ƙasa, sannan a bi shi da alifatik siriri a sama. Ga wanda motarsa take wuni a rana kuma bodin ba shi da murfi, wannan shafi na sama ya cancanci ƙarin kuɗin. Ga wanda yake son launi, fari ko ja ko wanda ya dace da fentin motar, dole ne ma, domin aromatik mai haske yakan juye rawaya cikin ɗan lokaci. A tuna kuma cewa baƙi yana ɗaukar zafi ƙwarai, abin da ya shafi masu ɗaukar dabbobi da kayan da zafi yake ɓatawa.

Injin feshi iri biyu ne. Mai zafi da matsi yana ɗumama ruwan zuwa wajen digiri 60 ko 70 a ma'aunin Salshiyas, ya tura shi da matsin da ya kai fam 2,000 a kan kowane murabba'in inci ko fiye, ruwan biyu su yi karo a cikin bindiga su fito a haɗe. Da yake yana bushewa nan take, ba ya gangarowa daga bango, kaurin yakan yi daidai ko'ina, kuma fuskar takan fito da ƙananan ƙuraje masu tsari. Waɗannan ƙuraje ba wani abu aka zuba ba: bayan mai feshi ya gama shafin ƙarshe, sai ya ja da baya ya saki feshin daga nesa, ɗigon ya fara daskarewa a iska kafin ya sauka. Injin sanyi mai ƙaramin matsi kuwa yana ba da fata mai laushi da kauri, amma da yake tana jinkirin kamawa, takan malalo ta taru a cikin kwarin layukan ƙasan bodi, ta bar tudun layukan da ɗan siriri, alhali tudun ne kaya suke gogawa.

Kauri da shirin ƙarfe

Kaurin da aka saba nema a ƙasan bodi, da tudun tayoyi, da cikin ƙofar baya shi ne wajen milimita 3. Bangaye suna iya tsayawa a rabin haka tunda ba sa ɗaukar nauyi. Akwai lissafi mai sauƙi da mai mota zai iya riƙewa domin kada a yi masa rufa-rufa. Lita ɗaya ta haɗin da ba a sirka shi da tina ba tana rufe murabba'in mita ɗaya a kaurin milimita ɗaya. Ɗauki bodin mota mai ƙofa huɗu, wanda tsawonsa da faɗinsa suke wajen mita 1.5 kowanne, zurfinsa kuma rabin mita. Ƙasansa murabba'in mita 2.25 ne, bangaye huɗu kuma 3, jimilla ya haura 5, ban da abin da layuka da tudun tayoyi suke ƙarawa. Milimita 3 a ƙasa zai ci kusan lita 7, milimita 1.5 a bangaye ya ci lita 4.5. Ke nan aikin kirki a irin wannan mota ba zai gaza lita 11 ba. Idan mai feshi ya ce lita 5 yake zubawa kuma ya yi alkawarin milimita 3, lissafinsa bai fita ba. Nauyin da hakan yake ƙara wa mota kaɗan ne, kilo goma sha wani abu, domin nauyin haɗin bai yi nisa da na ruwa ba.

Duk da haka, mafi yawan fentin da ya ɓare ba ƙarancin kauri ne ya ɓare shi ba, rashin shirya ƙarfen ne. Feshin kansa mintuna ne, shirin kuwa sa'o'i, kuma a shirin ne mai gaggawa yake yanke hanya saboda ya san babu wanda zai ga abin da ke ƙarƙashi. Tsarin da ya dace yana farawa da kwance duk abin da yake kwantuwa: ƙugiyoyin ɗaure kaya, murfin da ke cikin ƙofar baya wanda ake buɗewa domin gyaran makulli, robobin gefe, da ƙofar bayan ita kanta idan za ta yiwu. Sai a wanke bodin da sinadarin cire maiƙo tun kafin a taɓa samfefa, domin idan aka fara da guga sai a cusa mai da kakin goge mota cikin karcen. Bayan haka a goge ko'ina da samfefa mai kaushi, irin mai lamba 80, har sheƙin fentin ya mutu gaba ɗaya. Ba a bukatar a kai ga ƙarfe, fentin kamfani da ya kama da kyau tushe ne mai kyau. Abin da ake so shi ne kada a bar ko tafin hannu ɗaya yana ƙyalli. Wuraren da ake tsallakewa su ne kusurwoyi, ƙarƙashin leɓen bodi, da kewayen kawunan kusoshi, inda injin guga ba ya shiga sai da hannu, kuma daga nan ne ɓarewa take farawa. Daga nan a hure ƙurar, a share da asiton (ruwan sinadarin goge maiƙo) da tsumma mai tsabta, a bar shi ya bushe sarai.

Tsohuwar mota tana bukatar fiye da haka. Fentin feshi ba ya kashe tsatsa, rufe ta kawai yake yi, ita kuwa ta ci gaba da cin ƙarfe a ƙarƙashi har ta ɗaga fatar. Dole a kankare ta har ƙarfe ya yi fari, inda ya huje a yi walda, sannan a shafa wa ƙarfen da ya fito tsirara fentin ƙasa na efoksi, wato shafin farko da ake yi wa ƙarfe, kafin feshi. Idan kuma an taɓa yi wa bodin fenti mai araha wanda yake ɓarewa da farce, sai an cire shi duka, domin sabon ba zai fi abin da ya kwanta a kai ƙarfi ba.

A bincika kuma da me aka yi bodin, domin ba duka ne ƙarfe ba. Ford F-150 ta koma alminiyum tun daga samfurin 2015, Toyota Tacoma kuma tana amfani da bodin haɗin filastik da zare tun daga 2005. Waɗannan ba sa yin tsatsa irin ta ƙarfe, don haka dalilin fesa su ya fi karkata ga hana zamewa da karcewa, kuma kowannensu yana da irin fentin ƙasan da yake sa feshin ya kama shi. Mai feshin da ya ce duk ɗaya ne bai san aikinsa ba.

Saura batun iyaka, wato ko a tsaya a cikin bodi ko a hau har saman leɓensa. Wanda yake ɗora katako, tsani ko bututu a kan leɓen ya kamata ya rufe shi. Wanda yake da niyyar sa murfi ko rumfa a bayan motar ya faɗa tun da wuri, saboda ƙarin kauri a leɓe yana iya hana maƙallan zama daidai.

Yi da kanka ko kai wa ƙwararru

Akwai haɗe-haɗen da ake sayarwa domin mutum ya yi da hannunsa. Raptor na kamfanin U-POL yana zuwa a kwalabe, a zuba sinadarin daskarwa a girgiza, a ɗaura kwalbar a bindigar iska a fesa. Herculiner ana shafa shi da rola ko buroshi, kuma yana da ɓarɓashin roba a ciki. Akwai kuma na gwangwanin feshi, wanda amfaninsa bai wuce toshe ƙaramin wuri ba. Waɗannan duka suna da tina a cikinsu wadda take tashi yayin bushewa, don haka kaurin da ya rage ya gaza wanda aka shafa. Idan aka koma ga lissafin da ya gabata, kwalin lita 4 a kan murabba'in mita 5 ko 6 ba zai kai milimita ɗaya ba ko da yana ɗanye. Ga motar gida da take ɗaukar kaya jefi-jefi, ko tsohuwar motar da ake son a rufe mata asiri, wannan ya isa, musamman idan aka sayi kwali biyu aka yi haƙuri da shiri. Ga motar da take aikin gini kullum, araha ba ta ado.

Wanda zai yi da kansa ya ɗauki batun numfashi da muhimmanci. Aisosayanet yana jawo ciwon asma, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ɗan kaɗan ma yana iya tayar masa da ciwon daga baya. A 2006 hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, ta fitar da gargaɗi na musamman a kan wannan sana'a, bayan wani ma'aikaci a jihar Mishigan ya mutu a 2003 sakamakon asma da ta taso masa bayan ya fesa cikin wata mota. Takunkumin ƙura na takarda ba ya tare komai a nan, kuma hanci ba ya jin warin sinadarin sai ya riga ya wuce kima. Masu sana'ar suna bukatar hular da ake turo mata iska mai tsabta ta bututu, da ɗakin feshi mai fankar zuƙe iska. Wannan ma hanya ce ta gane wurin kirki: inda aka bar ma'aikaci yana feshi da ƙyalle a hanci, da wuya a ce an damu da kusurwar bodin wani.

Kafin a ba da mota, a nemi ganin aikin da wurin ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce, domin sabon feshi kowanne kyau gare shi. A karanta takardar garanti da kyau. Manyan kamfanoni sukan ba da garantin ɓarewa, kumbura da tsagewa na tsawon lokacin da motar take hannun wanda ya biya, amma sau da yawa ba ya bin motar zuwa hannun mai saye na biyu, ba ya ɗaukar kodewar launi, kuma yakan ware motocin haya da na kamfani ko ya rage musu wa'adi.

Ranar karɓar mota

A duba aikin da rana, a fili. A fara da gefuna. Masu aikin kirki suna amfani da tef mai siririyar waya a cikinsa. Bayan feshi sai a ja wayar ta yanka fatar a miƙe, layin ya fito tsaf ba tare da wuƙa ta taɓa fentin motar ba. Idan gefen ya yi zigizag, ko ana ganin sawun reza a fenti, to an buɗe wa tsatsa sabuwar hanya a daidai inda aka zo rufewa. A sa farce a gefen a gwada ɗagawa. Bai kamata ya motsa ba. A leƙa ramukan zubar ruwa da ke gaban bodi a tabbata ba a toshe su ba, a tabbata kuma kusoshin da suke riƙe bodi da na ƙugiyoyi za su kwantu idan bukata ta taso. A buɗe ƙofar baya a rufe sau biyu ko uku, domin kauri a bakinta yakan hana makulli kamawa. A shafa hannu a gilashin baya, da rufin mota, da fitilu, a ji ko ɓurɓushin feshi ya sauka a kansu. Wurin da ya yi danƙo ko laushi fiye da sauran, ko yake tsattsafo da maiƙo, alama ce ta cewa ruwan biyu ba su haɗu daidai ba, kuma irin wannan ba ya gyaruwa da jira, sai an yanke shi an sake. Kauri kuwa ana iya ganin sa a bakin ramin kusa da aka cire, ko a nemi a auna da na'urar auna kaurin fenti.

Feshin injin zafi yana taɓuwa nan da nan, amma ana so a ba shi kwana ɗaya kafin lodi mai nauyi. Na yi-da-kanka yana bukatar kwanaki, wani har mako guda, kuma kada ruwa ya taɓa shi a farkon lokacin. Bayan haka kulawarsa ruwa ce da sabulu da buroshi mai tauri. A guji man sheƙin taya, domin yana mai da ƙasan bodi santsi. Idan wani ƙarfe mai kaifi ya yanke fatar har ƙasa, a gyara wurin da wuri kafin ruwa ya shiga ƙarƙashi: a yanke abin da ya ɗago, a goge kewayen da samfefa, a share da asiton, a shafa fentin ƙasa idan ƙarfe ya fito, sannan a cike da haɗi irin na asali.